Darasin makamashi a ƙaramar sakandare: ta ina malami zai fara?

Tambaya: Wani malamin kimiyya da ke ɗaukar aji ɗaya da aji biyu na ƙaramar sakandare ya ce ɗalibansa sun haddace jerin makamashi mai sabuntuwa da mara sabuntuwa tsaf, amma da ya tambaye su daga ina wutar lantarki take fitowa, sai suka ce daga taransifoma. Makarantar ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, kuma yara sun haura sittin a aji. Ta ina zai ɓullo wa darasin?

Malam, yaran nan sun faɗi iyakar abin da idonsu ya gani ne. An miƙa musu rabe-rabe tun kafin su san abin da ake rabawa. Shawarata ita ce ka jingine jerin nan sai mako na uku. Ka fara da abin da ake hura wuta da shi a gidajensu, ka sa su auna da hannunsu, sannan ku bi sawun kowane makamashi har asalinsa. Idan aka yi haka, rabe-raben da kansu za su fito daga bakin yaran.

Kafin komai sai ka warware kalmomi, domin rabin ruɗanin a nan yake. Littafin darasi da Turanci yake, bayani kuma da Hausa kake yi, alhali kalmominmu na yau da kullum kowace tana ɗauke da kaya biyu ko uku. Wuta ita ce ta murhu, ita ce kuma ta NEPA. Mai ya haɗa man gyaɗa da man fetur. Idan direban tirela ya ce gas, dizal yake nufi. Idan uwar gida ta ce gas, tukunyar girki take nufi. Ga kuma iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa da ake turawa tashoshin lantarki ta bututu, wadda ta bambanta da su duka. Mafi wuyar su shi ne gawayi da kwal. Yara da yawa suna ɗauka abu ɗaya ne, shi ya sa suke jefa gawayi cikin albarkatun ƙasa. Gawayi itace ne da mutum ya turara a rami cikin 'yan kwanaki, kwal kuwa dutse ne da ake haƙowa, wanda ya samu daga tsirran fadama da ƙasa ta danne shekaru miliyoyi. Ita kanta kalmar makamashi asalinta abin da wuta ke kamawa ne, kamar kara da ƙirare, saboda haka yaro yana jin "makamashin rana" sai ya zaci akwai abin da ake ƙonawa a cikin farantin sola. Ka tsayar da kalmomi uku a gefen allo, kada ka sauya su har ƙarshen zango: makamashi ga abin da ake aunawa da jul, tushen makamashi ga inda ake samo shi, abin ƙonawa ga wanda sai an cinna masa wuta. Duk abin ƙonawa tushe ne, amma rana da iska da ruwan dam tushe ne da ba a ƙona su.

Darasin farko bai buƙatar komai sai alli da kyandir da kwalabe biyu. Kowane yaro ya faɗi da me aka dafa abincin daren jiya a gidansu, da me aka haska ɗaki, da me aka yi cajin waya. Ka ƙirga hannuwa ka rubuta adadi: itace nawa, gawayi nawa, kara, kandilo, risho, gas, janareta, sola. Su zana jadawalin sanduna da wannan ƙidayar. Ka lura kada abin ya koma gori tsakanin ɗan gidan gas da ɗan gidan kara. Idan ka ga alamar haka, su rubuta a 'yar takarda ba suna. A ƙarshen darasin ka kunna kyandir, ka kifa masa kwalba, su ƙirga daƙiƙun da zai yi kafin ya mutu, sannan ka sake da kwalbar da ta fi girma. Kyandir bai ƙare ba amma wuta ta mutu, ke nan abin ƙonawa shi kaɗai ba ya ba da zafi sai ya haɗu da iskar oksijin. Wannan fahimtar za ta yi maka amfani idan aka zo maganar hayaƙi.

Darasi na biyu shi ne ƙashin bayan komai, a nan ya kamata ka kashe lokaci da ɗan kuɗin da ke hannunka. Kana buƙatar gwangwanin lemo na alminiyom da aka yanke samansa, ma'aunin zafi mai kai digiri 100, sirinji babba ta awon ruwa, kyandir, ashana, waya mai ƙarfi ta rataye gwangwani, kwali na tare iska, da ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da gwal, wanda ke nuna giram 0.01. Sikelin cefane ba zai yi ba, domin abin da zai ƙone bai kai giram ɗaya ba. Da aji mai yara sittin, ka kafa wurin gwaji uku ko huɗu a baranda, kowane rukuni da mai karanta zafi, mai riƙe agogo, mai motsa ruwa da mai rubutu, sauran su kwafi sakamako. Idan ma'aunin zafi ɗaya ne gare ka, yi gwajin a gaban aji ka riƙa kiran yara suna karantawa da kansu.

Ga yadda ake yi. A zuba ruwa mililita 100 a gwangwani, wanda nauyinsa giram 100 ne. A rubuta zafinsa na farko. A liƙa kyandir a kan murfin gwangwani, a auna su tare. A rataye gwangwanin yadda gindinsa zai kasance kamar santimita 3 daga saman lagwani, a kunna, a riƙa motsa ruwan a hankali, har zafin ya ƙaru da digiri 20. A kashe nan take, a sake auna kyandir da murfinsa. Lissafin guda ɗaya ne: kowane giram na ruwa yana shan jul 4.2 kafin zafinsa ya hau digiri ɗaya. Saboda haka 100 sau 4.2 sau 20 ya ba da jul 8,400. A ce kyandir ya ragu da rabin giram. Ke nan kowane giram ya ba ruwan jul 16,800. Daga nan a maimaita da fitilar aci-balbal ta man gyaɗa, da kuma fitilar sifirit idan akwai, da sabon ruwa mai sanyi kowane karo, da tazara iri ɗaya.

Yanzu ka rubuta musu adadin gaskiya a allo: giram ɗaya na kakin kyandir yana ɗauke da wajen jul 42,000. Za su ga sun samu ƙasa da rabi. Kada ka yi saurin cewa gwajin bai yi ba, domin wannan giɓin shi ne darasin. Tambaye su ina sauran ya tafi. Su kai hannu kusa da gefen gwangwani su ji iska mai zafi tana tashi. Su duba gindin gwangwanin, su shafa baƙin da ya taru da yatsa: wannan kabon ne da bai gama ƙonewa ba, wato makamashin da bai fito ba. Shi kansa gwangwanin ya sha zafi, ruwan kuma yana zubar da nasa ta sama tunda ba murfi. Sai ka bar su su gyara: su kewaye da kwali, su rufe bakin gwangwani, su sake aunawa. Adadin zai hau, su kuma sun gano da kansu dalilin da ya sa murhu mai katanga da tukunya mai murfi ke rage cin itace. A nan ne kuma za ka kashe maganar nan ta "makamashi ya ƙare". Kyandir ne ya ragu. Makamashin ya watsu ne cikin iska da bango inda ba a iya tattaro shi a yi aiki da shi.

Abubuwan da ke ɓata wannan gwajin sanannu ne. Idan ma'aunin zafi ya zauna a gindin gwangwani, zafin ƙarfe zai nuna, ba na ruwa ba. Idan ba a motsa ruwa ba, sama da ƙasa za su bambanta. Idan narkakken kaki ya zuba ƙasa ba a kan murfi ba, sikeli zai lissafa shi cikin wanda ya ƙone. Gwangwanin madara mai kauri yana shan zafi fiye da na lemo, don haka kada rukuni ɗaya ya yi da wannan, ɗaya da wancan. In babu sikeli ko kaɗan, za ka iya kunna kowace fitila na minti uku ka kwatanta hawan zafi, amma ka faɗa wa yara gaskiya cewa wannan saurin fitar da zafi yake nunawa, kuma fitila mai faffaɗan lagwani za ta yi nasara ko da manta bai fi ba.

Ƙwayar gyaɗa ma tana yin wannan aikin, kuma ita ce ke haɗa musu abinci da makamashi. A soke busasshiyar gyaɗa a kan allura da aka kafa a murfin kwalba, a cinna mata wuta, a riƙe ta ƙarƙashin ruwa mililita 20. Za ta ci da wuta fiye da minti ɗaya, tana tsiyayar mai. Giram ɗaya na gyaɗa yana da wajen jul 24,000. Ka fara tambaya ko akwai yaron da jikinsa ba ya jituwa da gyaɗa. In akwai, yi da biskit ko gugguru.

Batun kariya ba a sassauta shi. Fetur ba ya shiga aji ko da cokali ɗaya ne, domin tururinsa ne ke kamawa, kuma yana rarrafe a ƙasa ya iske wuta daga nesa. Kananzir ɗin da ba ka san inda aka sayo shi ba ma ka bar shi, saboda wanda aka gauraya da fetur shi ke fasa fitila da risho. Harshen wutar sifirit ba ya ganuwa sosai da rana, don haka ba a ƙara wa fitila sifirit sai an tabbatar ta mutu ta huce, kwalbar kuma tana nesa a rufe. Bokitin yashi da jiƙaƙƙen tsumma su kasance kusa. 'Yan mata su tura bakin hijabi cikin riga ko su ɗaure shi baya kafin su matso, kai kaɗai kuma ke riƙe ashana.

Da yara sun iya lissafin nan, sai ka kai su kicin da shi. Tafasa lita ɗaya ta ruwa daga digiri 25 zuwa 100 yana cin 1,000 sau 4.2 sau 75, wato jul 315,000. Kilo ɗaya na busasshen itace yana da wajen jul miliyan 16, gawayi wajen miliyan 29, kananzir wajen miliyan 43, gas ɗin girki wajen miliyan 46. A takarda ke nan giram 20 na itace, ɗan guntun da bai cika tafin hannu ba, ya isa ya tafasa lita guda. Duk yarinyar da ke hura wuta a gida za ta ce maka ba haka ba ne, kuma ita ke da gaskiya: murhun duwatsu uku kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kawai yake kai wa tukunya, gas kuwa yana kai fiye da rabi. Idan da hali, ku yi gwajin a filin makaranta, a auna itace kafin da bayan tafasa. Abu ɗaya da zai ɗaure musu kai: a Kano ruwa yana tafasa wajen digiri 98, a Jos wajen 96, saboda tudu. Ma'aunin lafiyarsa ƙalau. Ɗanyen itace kuma yana ba da zafi kaɗan da hayaƙi mai yawa ne saboda wani kaso na zafin yana tafiya wajen ƙafar da ruwan cikinsa.

Gawayi yana da tarko a nan. Yaro zai ga kilonsa ya kusa ninka na itace, ya yanke cewa gawayi ya fi tausaya wa daji. Nuna masa cewa a ramin gargajiya sai an turara kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Ko da kilo 6 aka ɗauka, jul miliyan 96 ne suka koma miliyan 29. Kashi biyu cikin uku sun tafi a daji kafin buhu ya iso gari.

Sai bin sawu, wanda shi ne maganin amsar taransifoma. Rubuta "ƙwan lantarki" a ƙarshen allo ta dama, ka riƙa tambayar "daga ina?" kana ja da baya da kibiya. Waya, taransifoma, manyan turakun layi, janareta, farfelar da ke juya janareta. Me ke juya farfelar? A Kainji da aka kammala a 1968, da Jebba, ruwan kogin Kwara ne ke faɗowa daga tudun dam. A Shiroro ruwan kogin Kaduna ne. Wa ya kai ruwan tudu? Ruwan sama. Wa ya ɗaga shi sama? Zafin rana. A tashar Egbin ta Legas kuwa iskar gas ake ƙonawa a tafasa ruwa, tururi ya juya farfela, kuma mafi yawan wutar layin Najeriya daga gas take, dam-dam ne ke biye. Gas da ɗanyen mai daga ƙananan halittun teku suke, waɗanda suka rayu da hasken rana, suka mutu, laka ta binne su shekaru miliyoyi. Itace, tuwo, iskar da ke kaɗawa, kowanne ka bi shi rana zai kai ka. Idan ka sami dainamon fitilar keke, ko ƙaramar motar wasan yara da ka haɗa wa ɗan ƙwan LED, su murza su ga haske. In bai kama ba a juya ƙafafun ƙwan, domin ta gefe ɗaya kawai yake karɓar wuta. Da wannan za su gane lantarki ɗan aike ne mai ɗauko makamashi daga wani wuri, batir kuma rumbu ne. Ka ambaci waɗanda sawunsu ba ya komawa ga hasken rana: yuraniyom da ake haƙa a Arlit ta Nijar, zafin cikin ƙasa irin wanda ke ɗumama ruwan Wikki a Yankari, da hawa da saukar teku da galibi jan wata ke haddasawa.

Tarihin ma'adinan kansa gajere ne: an gano kwal a yankin Udi kusa da Inugu a 1909, an sami mai a Oloibiri a 1956, matatar Kaduna ta fara aiki a 1980, ta Zinder a 2011. Abin da ya fi muhimmanci su gyara shi ne zaton cewa mai tafki ne a ƙarƙashin ƙasa. Cika kwalba da yashi, ka zuba man gyaɗa, su ga ya shige tsakanin ƙwayoyin. Haka yake zaune cikin ƙofofin dutse. A matata ana dafa ɗanyen mai ne, kowane sashe ya rabu bisa zafin da yake tafasa: gas a can sama, sai fetur, kananzir, dizal, baƙin mai, kwalta a gindi.

Yanzu ne lokacin rabe-rabe ya yi, kuma da tsakuwa ake koyar da shi. Kwano biyu, kowanne tsakuwa 40. A na farko yaro yana ɗibar 5 kowane zagaye, ba mai mayarwa. A zagaye na takwas ya ƙare. Wannan shi ne mai da kwal da gas. A na biyu ana ɗibar 3, wani yaro yana mayar da 3, kwano ba ya raguwa. Sai ka ce gari ya ƙaru, a koma ɗibar 5 ana mayar da 3. Kafin zagaye na ashirin kwano ya kasa. A jarrabawa itace yana cikin masu sabuntuwa, kuma su rubuta haka, amma su san sharaɗin: sai in dashe ya kamo sara. Yaran da ke ganin motocin itace da gawayi suna shigowa gari kullum sun cancanci a faɗa musu wannan.

Sola tana da sauƙin nunawa. Ɗan farantin da ke zuwa da fitilar caji, a haɗa shi da ƙaramar fanka, a fuskantar da shi rana, a karkata shi, a rufe rabinsa da littafi, a barbaɗa masa ƙura sannan a goge. Saurin fankar zai ba da labari, kuma su fahimci abin da hunturu ke yi wa farantin da ba a sharewa. Da tsakar rana mai haske kowace murabba'in mita tana samun wajen wat 1,000, faranti kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar yake mayarwa lantarki. Ka haɗa da yunit ɗin mita, wanda suke jin iyayensu na saye: yunit ɗaya shi ne kilowat ɗaya na awa ɗaya, jul miliyan 3.6. Dutsen guga mai wat 1,000 yana cinye shi cikin awa guda, ƙwan lantarki mai wat 10 sai ya yi awa 100.

Kada zango ya ƙare ba ka ware minti goma don iskar kabon monokzaid ba. Tana fitowa ne idan abin ƙonawa bai sami isasshiyar oksijin ba, kamar kurfotin gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi, ko janareta a lungun gida kusa da taga. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana hana jini ɗaukar oksijin. Alamunta ciwon kai, jiri, kasala da barci, kuma sukan kama mutanen ɗaki gaba ɗaya. Abin yi shi ne buɗe ƙofa da tagogi, fitar da kowa waje, a kai asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda galibinta hayaƙin girki ne, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Ka sa yaran su maimaita wannan darasin a gida a matsayin aikin gida.

Wajen gwada fahimta, tambayoyin jarrabawa na "lissafa guda biyar" suna nan, a yi su. Amma ka ƙara irin waɗannan: zana sawun makamashi daga rana zuwa fitilar da ke ɗakinku, me ya sa tukunya ke baƙi a kan itace amma ba ta yi a kan gas mai shuɗin harshe, ruwa giram 200 ya hau digiri 10, jul nawa ya sha, gawayi da kwal, wanne ne mai sabuntuwa kuma da wane sharaɗi. Wanda ya fara sawunsa daga batir ko taransifoma, a mayar da shi kan kibiyoyin allo. Wanda ya sami 8,400 a lissafin amma ya kasa faɗin dalilin baƙin tukunya, a sake miƙa masa gwangwanin gwaji ya shafa gindinsa.